WA ZAI RIƘE WA YARON NAN SANDA?

'Yan'uwa masu karatu, yau ba labarin soyayya na kawo maku ba, ƙorafi ne. Ku yi mani haƙuri, wanda ya saba zuwa maku da zuma yau ya zo da maɗaci. Abin ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya, na kuma ga in na ci gaba da haɗiye shi zai zame mani ciwo. Shi ya sa na ce bari in zazzage shi a gabanku, ku da kuka san ni da alƙalamina fiye da shekara 20, ku yi mana alƙalanci.

Watannin baya na ɗauki wani labari da na shafe kusan shekara 2 ina rubutawa, na shiga mota daga garinmu Jibiya zuwa Katsina, daga Katsina na wuce Kano, na kai wa wani furodusa da ke shirya finafinai masu dogon zango, irin waɗanda ake nunawa a talabijin duk mako. Ba zan faɗi sunansa ba, domin mutumin kirki ne, ya karɓe ni hannu bibbiyu, har kuɗin mota ya ba ni. Kuma abin da ya faɗa mani ba nasa ba ne shi kaɗai, ra'ayin masu yawa ne a cikinmu, har da marubuta.

Ga labarin a taƙaice. Wani direba ne da ke jigila tsakanin Jibiya da Maraɗi. Lokacin samartakarsa babu wanda ke ja da shi a teburin sinuka, daga tashar Katsina har zuwa Ɗan Isa an san hannunsa. Wata rana ya sa kuɗin balas na maigidansa a kan wasa, aka cinye shi, aka ƙwace mota, ya sha kunyar da ta sa ya rantse shi da sanda har abada. Ya tuba, ya yi aure, ya sake samun mota, bai taɓa gaya wa iyalinsa wannan tarihi ba. Bayan shekaru aka rufe iyaka, mota ta kwanta, sai ga ɗansa na fari ya zama gwanin tebur a unguwa. Uban ya yi duka, ya yi zagi, ya yi barazanar tsinuwa, duk a banza. Ranar da ya laɓe a bayan rumfa ya ga yadda yaron ke riƙe sanda, sai ya ga kansa. Daga nan labarin ya ɗauko: ko dai ya bar yaron a hannun masu sa masa kuɗi suna cin riba da shi, ko kuwa ya karya rantsuwarsa, ya yi kaffara, ya shiga rumfar ya koya wa ɗansa wasan, ya kuma koya masa abin da shi ba a koya masa ba, wato lokacin da ake ajiye sanda.

Furodusa ya karanta kashi 3 na farko, ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Malam, alƙalaminka na nan da kaifinsa, amma wannan ba za ta shiga kasuwa ba." Na ce, "Alhaji, saboda me?" Ya lissafo mani dalilai 3. Na farko, sinuka caca ce, wasan 'yan iska ne, za a ce muna tallata ɓarna. Na biyu, Bahaushe ba zai zauna yana kallon ana tura ƙwallo cikin rami ba. Na uku, kuma shi ne ya fi ƙona mani rai, wai a al'adarmu uba ba ya wasa da ɗansa, balle ɗan fari, saboda haka labarin ba na Hausa ba ne. Ya rufe da ba ni shawara: in mayar da direban Alhaji mai kuɗi, in mayar da teburin kamfani, in kawo 'yammata biyu su yi ta rikici a kan yaron.

Na yi godiya na fito. Amma tun daga Kano har Jibiya ina ba shi amsa a zuci. Ga amsar nan yau na rubuta.

Kafin nan, saboda 'yan'uwa mata da dattawan da ba su taɓa leƙa rumfar ba, bari in faɗi ko mene ne wasan. Tebur ne mai shimfiɗar koren ƙyalle, da rami 6 a gefuna. Ana dungurar farar ƙwallo da bakin doguwar sanda, ita kuma ta tura sauran cikin rami. Abin da yaranmu ke bugawa a rumfuna, mai ƙwallo 15 da baƙa mai lamba 8 da ake jefawa a ƙarshe, shi Amurkawa ke kira ful, duk da mu sinuka muke ce wa kowanne. Kada a haɗa shi da cacar ful ta cike takardar ƙwallon ƙafa, suna ne kawai ya zo ɗaya. Ita sinuka ta ainihi teburinta ya fi girma, ƙafa 12 ne a tsaye, ƙwallayenta 22: ja 15, masu launi 6, da fara. Hafsoshin sojan Ingila ne suka ƙirƙiro ta a garin Jabalfur na Indiya wajen 1875. Wasa ne na ido da lissafi da haƙuri. Mai gaggawa ba ya cin sa, mai fushi ba ya cin sa, wanda ya sha wani abu hannunsa na rawa ba ya cin sa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To, dalili na farko: wai caca ce. Ni ba zan yi maku ƙarya ba, kuma ba zan kare abin da ba ya karuwa ba. Ana caca a rumfunan sinuka. Na gani da idona, na kuma yi a zamanin wauta, Allah ya yafe mani. Ana busa hayaƙi a wasu, ana cinikin ƙwaya a bayan wasu, ana kiran salla yaro na duƙe a kan tebur. Caca haramun ce, Alƙur'ani ya haɗa ta da giya a Suratul Ma'ida, babu Musulmin da zai yi jayayya da wannan. Ni ba malami ba ne, hukuncin wasan kansa in babu kuɗi a ciki na bar wa masu shi. Amma tambayata ga Alhaji furodusa ita ce: tun yaushe nuna abu a labari ya zama tallata shi? Finafinanmu cike suke da boka, da kishiya mai zuba magani a miya, da ɗan siyasa ɓarawo, da ɗan daba mai wuƙa. Wa ya ce ana tallata su? A Kwana Casa'in, da tashar Arewa24 ta fara nunawa a 2019, an nuna maguɗin zaɓe da cin amanar talaka ƙiri-ƙiri, jama'a kuma suka yaba. Me ya sa sai a kan teburin da 'ya'yan talakawa ke taruwa ne za a ce a rufe ido?

Kuma mu marubutan da aka laƙaba wa sunan Adabin Kasuwar Kano, mu ne ya kamata mu fi kowa tsoron yanke hukunci daga nesa. Mun manta? A 2007 an tara littattafanmu a Kano an cinna masu wuta a bainar jama'a, da sunan gyaran tarbiyya. Mutane da yawa da suka yi tafi a ranar ba su taɓa karanta ko shafi ɗaya ba, ji kawai suka yi an ce littattafan soyayya na ɓata 'yammata. Mun yi kuka, mun ce a karanta kafin a ƙona, a ware tsaki da tsakuwa. Yau kuma mu ne za mu tsaya daga bakin titi mu nuna rumfa da yatsa mu ce duk wanda ke ciki ɗan iska ne? Wanda aka yi wa kuɗin goro bai kamata ya yi wa wani ba.

Labarina ma ai a kan cacar ya ginu. Ita ce ta karya uban, ita ce ke farautar ɗan. Ko a ƙasashen da wasan ya zama babbar sana'a ba su tsira ba. A 2023 hukumar wasan ta duniya ta hukunta 'yan wasan Sin 10 saboda caca da sayar da wasa, 2 daga cikinsu aka kore su har abada. A cikin waɗanda aka dakatar har da wani matashi mai suna Zhao Xintong, wanda ya sha dakatarwar wata 20. Ya dawo ya sake farawa daga ƙasa, a watan Mayu na 2025 ya doke Mark Williams da ci 18 da 12 a birnin Shefil na Ingila, ya zama mutumin Sin na farko da ya ci kofin duniya, ya tafi da fam 500,000. Faɗuwa, kunya, tuba, tashi. In wannan ba wa'azi ba ne, to mene ne wa'azi a fim? Sai an kawo malami da rawani a kashi na ƙarshe ya karanto nasiha ana rubuta sunayen 'yan wasa?

Dalili na biyu: wai Bahaushe ba zai kalla ba. Wannan raina mai kallo ne. Wa ya gaya wa Alhaji cewa ƙwallo ake kallo? Mutum ake kallo. Bahaushen nan da ake rainawa shi ne ya zauna ya kalli Dangal, fim ɗin Indiya na 2016, inda Aamir Khan ya fito a uban da ya koya wa 'ya'yansa mata kokawa, ya kalla har da ƙwalla. Matan da suka yi kukan nan ba ƙa'idar kokawa ta sa su kuka ba, uban ne da 'ya'yansa. Amurkawa sun yi The Hustler a 1961, daga littafin Walter Tevis, inda Paul Newman ya fito a matashin gwanin ful da girman kai ya kai shi ya baro. Bayan shekara 25, a 1986, aka yi ci gabansa, The Color of Money, Newman ya tsufa, ya ɗauki wani yaro mai rawar kai, Tom Cruise, yana koya masa. Da wannan rawar ce Newman ya ci kyautar Oska. Gidan talabijin na TVB da ke Hon Kon ya yi wasan kwaikwayo mai dogon zango a 2009, The King of Snooker, a kan tsohon zakaran sinuka da 'yarsa da almajirinsa. Shi dai Tevis ɗin nan shi ya rubuta The Queen's Gambit a kan darar Turawa, wasan da mutum biyu ke zaune shiru kamar masu zaman makoki, amma da Netflix ta mayar da shi fim a 2020 duniya ta ɗauka. A 1985 kuwa mutum miliyan 18 da rabi ne a Birtaniya suka hana idonsu barci har bayan sha biyun dare, suna kallon Dennis Taylor da Steve Davis na fafatawa a kan baƙar ƙwallo ta ƙarshe. Su waɗannan duk mutane ne, mu ne ba mutane ba?

Gaskiyar magana ita ce ba mai kallo ne ya gaji da sabon abu ba, mu ne muka yi lalaci. Mun sami hanya ɗaya da ke kawo kuɗi, gidan Alhaji, falo mai kujeru, gado, kishiya, saurayi biyu budurwa ɗaya, sai muka kwanta a kai. Ni ma ban fita ba, littattafaina na farko duk haka suke, ban kuma yi nadamar su ba domin su suka ciyar da ni. Amma ko tuwo ne kullum, wata rana a canza miya. Daɗin Kowa, da Arewa24 ta fara a 2015, ai ba gidan attajirai ya nuna ba. Unguwar talakawa ce, da almajirai da 'yan gudun hijira da masu shaye-shaye, kuma ya karɓu har ya ci kyauta. Tun kafin nan su marigayi Ƙasimu Yero da marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, sun riƙe Arewa gaba ɗaya a gaban akwatin talabijin ba tare da motar alfarma ko ɗaya ba.

Yanzu dalili na uku, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami. Wai uba ba ya wasa da ɗansa. Wai akwai kunya. Haka ne, akwai kunya, ni ma a cikinta na tashi. Ni ɗan fari ne, har mahaifina ya koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, sai dai "kai" ko "wannan yaron". Ni ma yau ba na iya faɗin sunan babban ɗana a gaban mutane. Ba na kushe wannan, ado ne na al'ada. Amma jama'a, mu tsaya mu yi wa kanmu adalci. A da, uban da ba ya magana da ɗansa da baki yana magana da shi da hannu. Manomi na gaba da fartanya, ɗa na biye yana kallon yadda ake kama kunya. Maƙeri na bugu, ɗa na zuga. Mahauci na fiɗa, ɗa na riƙe ƙafa. Ko dambe, da wasu ke gani wasan banza ne, a gidan mahauta gadonsa ake, babba ne ke ɗaura wa ƙarami zare a hannu, ya nuna masa yadda ake tsayuwa. Mahaifina direba ne. Bai taɓa zaunar da ni ya ce ga yadda rayuwa take ba, amma ina shekara 12 na fara bin sa Maraɗi lokacin hutu. A gidan gaba na koyi lissafin sefa da naira, na koyi yadda ake gaida jami'i ba tare da an zubar da mutunci ba, na ga ranar da ya mayar wa wata tsohuwa ƙullin kuɗin da ta manta a mota. Kunya ta rufe bakinsa, sana'a ta buɗe mani shi.

To, yau ina sana'ar? Ku zo Jibiya ku gani. Garinmu bakin iyaka ne, arzikinsa a kan hanya yake: direba, ɗan kamasho, ɗan dako, ɗan canji, ɗan bumburutu, mai abinci a tasha, mai faci, dillalin dabbobi a kasuwar Lahadi. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa. A watan Nuwamba na shekarar aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mu kuwa a ciki muke tsundum. Da aka buɗe wasu iyakoki a Disamba 2020, irin su Illela da Maigatari, tamu ba ta ciki, sai a Afrilu 2022 aka buɗe ta Jibiya. Ana cikin haka 'yan bindiga suka hana noma a ƙauyuka, mutane suka yi ta kwararowa cikin gari da 'ya'yansu. A 2021 gwamnatin Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwarmu, aka kuma katse layukan waya na tsawon watanni. Ba mu gama farfaɗowa ba sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023, aka sake garƙame Magama, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. Ba ina nan don in yi muhawara a kan ko matakan sun dace ba, wannan na 'yan siyasa ne. Lissafi kawai nake: yaron da ke shekara 12 a 2019 ya kai 17 a 2024. Shekarun da ya kamata ya yi a gidan gaba kusa da ubansa, ko a gona bayan ubansa, ya yi su ne ubansa na zaune a dakali yana jiran a buɗe hanya.

Sana'a ta tafi, kunya ta zauna. Hannu ya daina magana, baki kuma dama ba ya yi. Me ya rage tsakanin uba da ɗa? Shiru, sai tsawa in an yi laifi. Yaro kuwa dole wani ya koya masa zama namiji. In ba a gida ba, to a rumfa. A can akwai wanda zai dafa kafaɗarsa ya ce, "Ƙanena, sassauta hannunka, kada ka yi sauri." Akwai wanda zai yi masa tafi in ya jefa ƙwallo mai wuya. Wata ƙila shi ne karo na farko a rayuwarsa da wani babba ya ce masa ya iya wani abu. Kuma wannan babban, sau da yawa, shi ne zai fara sa kuɗi a kansa, shi ne zai miƙa masa kara na farko. Ba tebur ne ya sace mana 'ya'ya ba. Wuri muka bari, wani ya zauna.

Ba daga sama na samo wannan ba. A lokacin rufe iyaka na biyu, wata rana bayan la'asar, maƙwabcina ya ce mani, "Malam, ka kuwa san inda babban naka ke yini?" Na tafi a fusace da niyyar in jawo shi da kunne a gaban abokansa. Da na isa sai na tarar shi ke bugu. Na tsaya daga baya. Na ga ya zagaya tebur, ya duƙa, ya auna, ya fasa, ya sake zagayawa, ya goga alli a bakin sanda, sannan ya buga a hankali. Farar ta daki bango biyu ta dawo ta tsaya daidai inda yake so. Yaron da nake cewa ba ya iya natsuwa minti 5 a kan littafi! Ya ɗago muka haɗa ido, sandar ta kusa faɗuwa daga hannunsa. Ya ce, "Baba, wallahi ba kuɗi muke sawa ba." Ban san lokacin da na ce, "Ƙarasa wasanka" ba. Da ya gama na karɓi sandar, rabona da ita ya fi shekara 20. Ya cinye ni sau 2 a jere. A hanyar gida muka yi maganar da ba mu taɓa yi ba tun da aka haife shi. A nan ya gaya mani gaskiya, cewa ana sa kuɗi, shi ma ya taɓa sawa, har akwai wanda ke bin sa bashi. Na biya bashin, na kafa sharaɗi: ba kuɗi, ba hayaƙi, ba wasa lokacin salla ko makaranta, kuma ranar Juma'a da yamma tare za mu je. Ba zan ce maku ya zama waliyyi ba, yaro ne, muna nan muna fama. Amma yanzu na san inda yake, ya kuma san na sani. Da na mare shi a ranar, da rumfa kawai zai canza.

Wasu abokaina sun ce na zubar da girma. Ni kuwa na ce girman da zai hana ka sanin halin da ɗanka ke ciki, ajiye shi ya fi. Luƙmanu da Alƙur'ani ya ba mu labarinsa, da bakinsa ya yi wa ɗansa nasiha, bai aika a gaya masa ba.

Ban ce kowane uba gwani ne ba, kuma labarina bai ce haka ba. A nan ma daɗin wasan kwaikwayon yake, domin uba na iya wuce gona da iri. Ding Junhui na ƙasar Sin, mahaifinsa ya sayar da gidansu ya ƙaura da shi kudancin ƙasar don ya samu horo, yaron ya bar makaranta tun yana ƙarami. A 2005, yana shekara 18, ya doke Stephen Hendry ya ci babbar gasar Sin, abin da ya sa miliyoyin yara a ƙasar suka kama sanda. Ya yi nasara, amma uba nawa ne suka yi irin wannan kasadar suka tashi ba gida ba karatu? Wannan ma tambaya ce da fim zai yi. Ga Ronnie O'Sullivan, mai kofin duniya 7. Mahaifinsa ne ya ɗora shi a kan wasan, sai a 1992 aka ɗaure uban bisa laifin kisan kai, ya yi shekara 18 a kurkuku. Yaron ya ci babbar gasarsa ta farko a 1993 yana shekara 17, ubansa na tsare. Uba mai gina ɗa, uba mai danne ɗa, uban da laifinsa ke bin ɗa: duk ga su nan a gefen tebur ɗaya. Mu kuwa a finafinanmu uba iri biyu ne kawai, ko azzalumi mai auren dole, ko gawa da ake rabon gadonta. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta yi mana hoton mugun uba a Alhaki Kuykuyo Ne tun 1990, ta kuma yi shi da kyau. Shekara 30 da ɗoriya ke nan. Ina hoton uban da ya yi kuskure, ya gane, yake ƙoƙarin gyarawa? Shi ne ya fi yawa a unguwanninmu, shi ne kuma babu a allonmu.

Masu cewa a rufe rumfunan a huta, ku leƙa tsallaken iyaka. Kokawa wasan dandali ce, da tsafe-tsafenta da rigingimunta. Gwamnatin Nijar ba ta hana ta ba, tsara ta ta yi. A 1975 aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, yau filin kokawar Maraɗi sunansa ke kai, kuma in ana gasar har mu nan Jibiya kunne na kan rediyo. Abin da aka sa wa doka da alƙali da idon manya, yakan gyaru. Abin da aka kora bayan gari, can yake ruɓewa. Kuma kafin hukuma ta tsara abu, sai jama'a sun fara ganin sa a matsayin abin da ya cancanci a tsara. Wannan aikin namu ne, masu labari.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana marubuta, maza da mata: mu fito daga falon Alhaji, mu leƙa tasha, mu leƙa rumfa, mu leƙa gidan kallon ƙwallo. Ina kira ga furodusoshi: ku daina fakewa da mai kallo, ku gwada shi ku gani. Kyamara ɗaya, tebur ɗaya, dattijo ɗaya da yaro ɗaya, ba su kai kuɗin hayar gidan bene da motoci 4 ba. Ina kira ga iyaye maza irina: in an ce maka ɗanka na rumfa, kafin ka ɗauki bulala, je ka tsaya daga baya ka yi minti 10 kana kallo. Wata ƙila abin da za ka gani ya sa ka fitar da shi a ranar, kuma ka yi daidai. Wata ƙila kuma ka ga abin da na gani.

Shi kuwa labarina, ban mayar da direban Alhaji ba, ban kawo 'yammata biyu ba. Yana nan yadda yake. In ba a samu mai ɗaukarsa a fim ba, zan mayar da shi littafi, kamar yadda muka saba tun zamanin da muke kai wa 'yan kasuwar Sabon Gari da bakin Bata da hannunmu. Alhaji furodusa, in wannan ya iso gare ka, ba da raini na yi ba, ƙofa a buɗe take. Ka zo Jibiya ranar Juma'a, in kai ka rumfar ka zauna awa ɗaya. In ka tashi ba ka ga fim a wurin ba, ni zan biya maka kuɗin mota.

Wanda ke ganin na kauce, ya ɗauki alƙalami ya warware mani, ba na ƙin gyara. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu ikon sauke nauyin da ya ɗora mana, ya zaunar da iyakarmu lafiya. Wassalam.